Ƙusoshin da Baba Ya Buga

Bakanike ya shigo shagon da takarda a hannu, ko zama bai yi ba.

"Auta, kwafi uku za ki yi min."

Ta karɓa ta kifa a kan inji ta danna. Sai da ta farko ta fito da ɗuminta sannan idonta ya sauka a kan rubutun. Takardar ƙara ce zuwa ofishin hukuma, kuma ita da yayanta ake ƙara.

"Kawu, ni za ka kai ƙara, kuma ni zan buga maka takardar?"

"To ya zan yi? Ke kaɗai ke da inji a layin nan. Kuma naki ya fi fitar da baƙi."

Wasa ya yi, amma fuskarsa ba ta yi ba. Bakanike maƙwabcin mahaifinta ne tun kafin a haife ta, katanga ɗaya ce ta raba gidansa da kurmin da Baba ya bari. Ya miƙo mata wayarsa. A hoton, wani reshe mai kaurin cinyar mutum ya lotsa kwanon rufin wani ɗaki.

"Ɗakin tsohuwata ne. Jiya da la'asar, tana ciki. Ba ta tashi sai an ɗaga ta, kin sani. Na yi wa yayanki magana sau huɗu, kullum sai ya ce min ana nan ana shiri. Ni ba faɗa nake nema ba, 'yar nan. Uwata nake so ta mutu a kan gadonta, ba a ƙarƙashin bishiyarku ba."

Auta ta rufe shagon tun kafin azahar ta hau babur zuwa tsohon gidansu.

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, kuma tun daga ranar babu wanda ya shiga kurmin da adda. Da can mutum zai iya bin layin bishiyoyin ba takalmi. Yanzu ƙaya ta kai ƙugu, itatuwan da suka faɗi sun ruɓe a inda suke. Bishiyoyin maɗaci talatin da Baba ya shuka da hannunsa suna nan a miƙe kamar an ja su da zare. A can kusurwa kuma, jikin katangar Bakanike, ga babbar bishiyar turaren da ta jawo maganar. Ta karkata gaba ɗaya, kanta yana saman ɗakin Tsohuwa. Auta ta zagaya bayanta. Ƙasa ta ɗago ta tsage, saiwa ta leƙo. Ta sa yatsa ta danna gindin, yatsan ya nutse cikin garin gara.

Ta shiga gidan Bakanike ta durƙusa gaban gadon.

"Kaka, ki dawo ɗakin Baba ki zauna kwana biyu mana, kafin a sare ta. Babu kowa a ciki."

Tsohuwa ta dube ta da ido ɗaya. "Ke kuma yaushe kika zama mai raba ɗakuna? A nan mijina ya ajiye ni, daga nan za a fitar da ni. Ku dai ku ɗauke dodonku daga kaina."

Masu sara biyu ta kira a ranar. Na farko ya ɗaga kai ya kalli bishiyar ya koma kan babur ɗinsa ya tafi. Na biyu ya yi mata bayani: wannan ba a kayar da ita, sai an hau an sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya, kuma abin da zai karɓa ya fi ƙarfin shagonta. Damina kuwa ta ƙarato, kullum da yamma gabas sai ta yi duhu.

Yaya ne ya kawo Mai Katako washegari, wani kakkauran mutum da awon tef rataye a wuya. Bai ko kalli turaren ba. Maɗatan ya bi yana rungumarsu yana bubbuga su da tafin hannu, kamar mai taya sa a kasuwa.

"Waccan ruɓaɓɓiyar ko itacen girki ba za ta yi ba," in ji shi. "Amma ku ba ni sha biyu daga cikin waɗannan, ni kuma in sa yarana su sauke muku ita. Ba ku ba ni komai ba, ban ba ku komai ba."

"A fara da ita," Auta ta ce.

"A'a, Hajiya. An sha ni na warke. In sauke ta, gobe a ce wani ƙanin uba ya zo ya hana sara. Nawa su fara kwanciya, sannan taku."

Yaya ya yi saurin cewa ya yi. Ginin gidansa ya shekara huɗu a tsaye babu rufi, kuma ya riga ya ƙudurta cewa sauran sha takwas ɗin su ne katakon rufinsa da ƙofofinsa.

Mai Katako ya ciro gwangwanin jan fenti ya fara shafa wa waɗanda ya zaɓa. Yana kan ta uku ya waiwayo.

"Tambaya ɗaya, ita nake yi wa kowa. Akwai ƙarfe a jikinsu? Waya, ƙusa, ko an taɓa ɗaure shinge?"

"Babu," Yaya ya ce. "Mahaifinmu ko allo bai yarda a rataya musu ba."

Auta ta buɗe baki, ta mayar ta rufe.

Ita ta san abin da Yaya bai sani ba, domin lokacin yana makaranta a wani gari. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, ɓarayi sun shigo kurmin sun sare maɗatai biyu sun yi gaba da su. Baba ya yini bai ci abinci ba. Kashegari ya dawo daga kasuwa da buhun ƙusoshi dogaye, kowace ta kai tsawon tafin hannu. Ita ta riƙa miƙa masa, shi yana bugawa, yana nutsar da kan kowace har ta ɓace cikin ɓawo. Duk maɗaci sai da ya sha biyar ko shida. "Duk wanda ya sake kawo zartonsa nan," Baba ya ce yana haki, "zai koma gida da haƙoransa a aljihu." Ya hana ta faɗa wa kowa don kada labari ya kai kunnen ɓarayin. Ɓarayin ba su sake dawowa ba, ɓawo ya rufe, Baba ya tafi da zancen. Yanzu bishiyoyin sun ninka tsawonsu na da, ita kuwa a ganinta ƙusoshin sun bi su sun yi sama, Allah kaɗai ya san inda suka tsaya.

Ranar Laraba ta je wurin tsaga katako don sa hannu a takardar yarjejeniya. Rumfa ce doguwa, garin katako ya kai idon sawu, ƙara kuwa sai mutum ya ɗaga murya. Wani mutum yana tura gungume cikin zarton inji, fuskarsa ba ta fi kamu biyu daga bakin zarton ba. A jikin bango an rataye wani zarto da ya tsinke, ya murɗe kamar ɓawon rake.

"Alhaji, wancan fa?" ta tambayi Mai Katako.

"Wancan malaminmu ne. Ƙusa ɗaya tak ta yi masa haka, wani ya taɓa rataya fitila a jikin bishiya ya manta. Gutsuren ya fasa kwanon rufi ya fita. Da ƙasa ya yi, da wani zancen ake." Ya miƙo mata biro. "Shi ya sa in na ji ƙarfe, ko bishiyar zinariya ce sai in ce a kai kasuwa."

Ta sa hannu.

Tana fitowa ta kira Yaya ta faɗa masa komai, tana tsaye a bakin titi.

"Waye ya sani bayan ke?"

"Babu."

"To ya tsaya a haka. Shekara ashirin da biyar, Auta, tsatsa ta cinye su tuntuni."

"In ba ta cinye ba fa?"

"In kin faɗa, mutumin nan zai kwashe yaransa ya tafi. Ke za ki hau ki sauke turaren? Ko so kike mu wayi gari a ce ta danne tsohuwar mutane, a zo a tafi da mu? Ki zaɓa. Ke dai tun kina ƙarama ba kya iya riƙe magana, in ba ki faɗa ba sai ta yi miki ƙaiƙayi."

"Na riƙe wannan shekara ashirin da biyar, Yaya."

"To ƙara kwana biyu."

Kwana biyun nan ba ta yi aikin kirki ba. Ta buga wa wani malami takardun jarrabawa a juye, ta sake bugawa, ta sake juyawa. In ta rufe ido sai ta ga ɗakin Tsohuwa a baje. In ta buɗe sai ta ga mutumin nan da fuskarsa kusa da zarto. Ranar Alhamis da yamma aka yi iska mai ƙarfi ba ruwa. Bakanike ya kira ta, ya ɗaga wayar sama don ta ji yadda bishiyar take kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi motar Mai Katako ta tsaya a bakin kurmin. Mutum huɗu suka sauko da igiyoyi da jarkar mai. Babbansu wani siriri ne mai furfura a gemu, Kurege ake ce masa, saboda an ce babu bishiyar da ta taɓa gagararsa hawa. Ya gaishe ta da ladabi, ya tsuguna yana wasa haƙoran sarƙar injinsa na sara ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana tsokanar Bakanike da ya leƙo ta kan katanga.

"Maigida, ka ce wa Tsohuwa ta shirya min tukuici. In na sauke mata wannan, aurenta zan yi."

"Ta fi ƙarfinka. Ni da ta haifa ma har yau tsoronta nake."

Aka share ƙaya daga gindin bishiyar maɗaci ta farko. Kurege ya zagaya ta, ya duba inda za ta faɗi, ya ja igiyar inji. Ƙara ta cika kurmin. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya kai bakin zarton daidai gwiwar mutum. Auta ta ga wurin, ta ga Baba a sunkuye a daidai nan da guduma. Yaya yana gefenta, ya kama hannun rigarta ya riƙe.

Ta fizge ta taka ƙaya ta isa gabansa tana ɗaga hannu biyu.

Kurege ya kashe injin. "Hajiya, ba a zuwa ta gaban zarto."

"Akwai ƙusa a ciki."

Mai Katako ya matso.

"A wannan?" Mai Katako ya tambaya.

"A dukkansu. Biyar, shida, kowace. Dogaye. Mahaifinmu ya buga saboda ɓarayi, ni na miƙa masa."

Mai Katako ya juya ya kalli Yaya, kallon da ya sa Yaya ya sunkuyar da kai. Bai ɗaga murya ba. "Na tambaye ku. A gaban bishiyar nan na tambaye ku." Ya tafa hannu. "Ku naɗe igiya. A mayar da kaya mota."

"Alhaji, don Allah," Auta ta ce. "Ka dubi waccan. Ba za ta kai mako ba."

"Ni ma ina da masu kwana a ƙarƙashina, Hajiya. Mutum tara ke tsayawa gaban zartona kullum. Da kin yi shiru, wanne daga cikinsu kika zaɓar min?"

Yaya ya matso kusa da kunnenta. "Kin huta? Ga shi nan, sai ki je ki tallafe ta da kafaɗa."

Yaran suka fara naɗe igiya. Kurege dai bai tashi ba. Yana nan a durƙushe, ya zuba wa gindin bishiyar ido, yana shafa gwiwarsa wadda da ita ce a saitin sarƙar. Can ya ce, "Hajiya, baban naki dogo ne?"

"Na'am?"

"Tsawonsa nake tambaya."

"Kamar Yaya. Ya ɗan fi shi kaɗan."

"A ƙasa yake tsayawa ya buga, ko yana hawa wani abu?"

"A ƙasa. Amma ai an daɗe. Lokacin bishiyoyin ba su kai rabin haka ba, yanzu ƙusoshin sun yi sama."

Kurege ya yi 'yar dariya, ta farko tun da aka kashe injin. "Wa ya faɗa miki? Bishiya ta kai take ƙara tsawo, gindi kauri kawai yake yi. Ƙusar da aka buga daidai ƙirjinki, ko shekara ɗari ta yi, tana nan daidai ƙirjinki, sai dai ta ƙara nutsewa." Ya miƙe ya dubi Yaya. "Maigida, zo ka tsaya nan. Ɗaga hannunka sama, kamar kana riƙe da guduma."

Yaya ya tsaya ya ɗaga hannu, fuska a murtuke. Kurege ya karɓi fenti, ya ɗaga ƙafa, ya ja layi sama da yatsun Yaya.

"Daga nan zuwa sama lafiyayyen katako ne, Alhaji. A kafa min dandamali, in yanka daga can."

Mai Katako ya ja tsaki. "Ka bar min gindi a ƙasa? Gindin ai shi ne naman. Ga ɗaurin dandamali a kowace bishiya, aikin kwana uku ya koma na kwana goma." Ya tsaya yana jan tef ɗin wuyansa, yana bin layin bishiyoyin da ido har ƙarshe. "In haka ne, sha biyu ba za su fitar da ni ba. Duka talatin, ko in tafi."

"Ba zai yiwu ba," Yaya ya ce. "Sha takwas ɗin nan rufin gidana ne."

Iska ta taso a lokacin, ba mai yawa ba. Turaren ta yi wani dogon kuka, ƙasar bayanta ta motsa, kowa ya gani. Bakanike ya sauka daga katangar da gudu ya yi cikin gida.

"Duka talatin," Auta ta ce. "Amma a fara da waccan, yanzu, kafin a taɓa ko ɗaya."

"Ke wa ya ba ki? Gadon namu ne mu biyu."

"To ka hana, Yaya. Ga Kawu can, je ka faɗa masa da bakinka cewa rufinka ya fi na uwarsa."

Yaya ya dube ta, ya dubi katangar. Bai ce a sare ba, bai ce kar a sare ba. Mai Katako ya ciro takardar ya gyara sha biyu zuwa talatin a kan bonet ɗin mota. Auta ta sa hannu. Yaya ya karɓi biron ya yi wani zane kamar zai yaga takardar, ya jefar da shi cikin ciyawa.

"Daga yau ki nemi wani yayan," ya ce, ya hau babur ɗinsa.

Kurege ya ɗaura igiya a jikin bishiyar maɗacin da ke kusa, don bai yarda turaren ta ɗauki nauyinsa ita kaɗai ba. Bakanike da matarsa suka ɗauko Tsohuwa da katifarta suka fito da ita tsakar gida, tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Reshe na farko ya sauko a hankali yana lilo a kan igiya, ya wuce saman kwanon da ɗan kaɗan. Na biyu ya goge kusurwar rufin ya yage kwano ɗaya. Duk lokacin da iska ta kaɗa sai Kurege ya manne da bishiyar ya jira, Auta kuma ta zuba masa ido har sai ta ji injin ya sake tashi. Sai bayan la'asar aka zo gindin. Da ya faɗi ya dare biyu, cikinsa rami ne fayau, ɓawon da ke riƙe da shi bai fi kaurin yatsu uku ba. Bakanike ya zura hannunsa a ciki har kafaɗa, ya zaro, ya zauna a ƙasa.

Kurege ya zo yana goge zufa da hularsa.

"Hajiya, gobe za mu shiga maɗatan. Ki sake tunani da kyau. Ko sau ɗaya bai taka dutse ko kujera ya buga ba?"

Ta rufe ido ta nemo ranar. Ta ga buhun, ta ga gudumar, ta ga bayan rigar Baba jiƙe da gumi. Ƙafafunsa ne ba ta iya gani ba.

"Ban tuna ya taka komai ba. Amma ba zan rantse maka ba."

Ya jinjina kai. "To zan ƙara kamu biyu. Alhaji zai yi ƙorafi, ya saba."

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana aikin, kwana goma sha ɗaya shagonta yana rufe. Kullum tana kurmin tun safe, a tsaye nesa kaɗan, kunnenta a kan injin. Ta koyi muryarsa in yana cin itace lafiya, kuma duk sanda ta ɗan canza sai ta matso ta leƙa. Da gungumen ƙarshe ya hau mota ta bi shi har rumfar tsaga katako, ta zauna a kan benci cikin ƙura har aka tsage shi tas. Babu abin da ya tsinke.

Ta dawo ta bi ta kurmin da yamma. Rana ta shigo ko'ina, wurin ya yi fili kamar ba shi ba. Kututture talatin suna tsaye a layi, kowanne ya fi mutum tsawo, babu mai saye, babu mai iya sarewa. Ruwan farko ya fara sauka a kan sabon kwanon ɗakin Tsohuwa. Auta ta fake a jikin ɗaya daga cikin kututturan ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta share ruwan da ke kan gilashin da gefen mayafinta, ta sake kira.